Rasuwar Kulocin Motar Malam Ashiru, da Tambayar da Ya Bari

Da zuciya mai cike da alhini, da kuma 'yar tababa da ba zan ɓoye ba, ni Malam Ashiru na Gyaɗi-Gyaɗi nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar kulocin motata. Rai ya yi halinsa ranar Talata bayan la'asar a kan titin Zariya, ina dawowa daga makaranta. Na taka shi, ya tafi ƙasa, bai sake tasowa ba.

Marigayin ya yi shekara goma sha huɗu yana hidima. Mai haƙuri ne, ana taka shi sau ɗari tsakanin Tarauni da Hotoro bai taɓa ƙorafi ba. Abin da kawai aka san shi da faɗa shi ne "ƙyiii" kaɗan da safe. Ya rasu ya bar 'yan'uwa biyu da suke zaune layi ɗaya, birki da totur, sai giya biyar da ribas, waɗanda tun ranar ba wadda ta yarda ta shiga.

Duk layinmu an san makullin motar nan a ƙusar soro yake kwana. Mai haihuwa, mai kai gaisuwa Darmanawa, mai ɗauko buhun masara, kowa ya ɗauka ya dawo da shi. Kuma ba a mayar da aro hannu biyu: wani ya zuba fetur, wani ya wanke ta. To yanzu maiɗakina Sa'adatu ta ce daga yau makullin nan sai aljihu, tunda an kashe mana kuloci. Na roƙe ta ta bari a yi bincike tukuna, don ba na so laifin mutum ɗaya ya hana layi guda mota.

Jinyar ta ɗauki kwana shida. Da fari ya yi laushi kamar an taka burodi. Daga nan sai an taka sau uku kafin giya ta shiga, tana kukan "ƙarrr". Oga Anas bakanike, wanda ya duba gawar, ya bi abin daki-daki. Ya ɗaga dardumar ƙasan ƙafa, ba danshi. Ya shiga ƙarƙashi ya duba kulocin ƙasa, wato ƙaramar silindar da ke jikin giya, ba yoyo. Ya buɗe kofin man kuloci, a cike yake taf har baki. A nan ya ɗago ya dube ni.

"Malam, kai ka cika wannan?"

Na ce rabona da buɗe shi tun azumi.

Ya nuna mini robar murfin, ta kumbura ta yi suntum. Ya sa aka kawo ruwa a kofi, ya ɗiga man a ciki. Ya ce man birki, wanda shi ne abincin marigayin, idan ya shiga ruwa gaurayewa yake yi da shi. Wannan kuwa sai ya taso sama yana yawo.

"Man inji ne," in ji shi. "Shi ya cinye robobin ciki. Malam, wannan ba ajali ba ne, ba shi aka yi ya sha."

Shekara talatin ina koyarwa, ban taɓa hukunta aji don ɗalibi ɗaya ba, don haka na bi a hankali. A satin mutum biyu ne suka ɗauki motar. Ta farko Rukayya, ƙanwar maiɗakina, ma'aikaciyar jinya. Na daɗe ina zarginta da ɗora ƙafa a kan marigayin kamar matashi. Da na tambaye ta, ta ce, "Yaya Malam, ni ko inda ake buɗe bonet ban sani ba. Allura ce sana'ata." Na ce ta buɗe in gani, sai but ɗin baya ya buɗe. Na sallame ta.

Na biyu maƙwabcina Ɗan'azumi mai adaidaita, wanda ya kai mahaifiyarsa asibiti ranar Laraba. Ban tambaye shi komai ba. Na dai lura shi ya fara zuwa ta'aziyya, kuma sau uku yana zuwa. A na ukun ya daɗe yana murza hularsa, sannan ya ce, "Ikon Allah, Malam. Abu a ƙoshe, kofinsa cike taf, a ce ya mutu?"

Ban gaya wa kowa kofin a cike yake ba. Oga Anas ma ya rantse bai faɗa ba.

Ban kama sunan kowa ba, zato ne. Amma na san mutumin da aka ara wa mota, ya ji nauyin ya dawo da ita haka nan, ya ga kofi ya yi ƙasa, ya ɗauko mafi kyawun man da yake zuba wa abin hawansa, ba mugu ba ne. Na faɗa wa Sa'adatu haka. Ta yi tsaki, ta ce ita dai a rubuta doka. An rubuta: makulli yana nan inda yake, wanda zai yi godiya ya wanke mota, kada ya buɗe bonet.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma na safe a garejin Oga Anas da ke Babban Giji, inda za a ciro marigayin tare da kulocin ƙasa, a wanke layin mai, a ɗaura magaji. Ana karɓar gaisuwa a soro bayan azahar. Oga Anas ya ce fitar da iska daga sabon kuloci aikin mutum biyu ne: shi yana ƙarƙashi, wani yana sama yana takawa har sai ƙafarsa ta yi tsami. Ni gwiwata ba ta da lafiya. Malam Ɗan'azumi, a zo da wuri.