Ranar da Na Fifita Tattasai a Kan Talotalo

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da kuwa na so in manta, domin 'yan kasuwar Farin Gada ba za su bari ba. Har gobe in na ratsa layin masu kayan miya sai wani ya ɗaga murya ya ce, "Oga rediyo, a auna maka?" Ni kuwa sai in kara waya a kunne kamar an kira ni.

A lokacin ina gabatar da shirin lafiya da abinci a wani gidan rediyo mai zaman kansa a nan Jos. Aikin ba shi da wuya: in gayyato masani, in yi tambaya, ya amsa, in warware wa mai sauraro da Hausar da kowa zai gane. An horar da mu cewa mai gabatarwa ba shi da ra'ayi. Na san wannan ƙa'ida sarai, har sababbin ma'aikata nake koya wa ita.

A lokacin nan kuma nake neman auren Hafsatu. Mahaifinta, Alhaji Sabo, babban dillalin tattasai ne a Farin Gada, irin waɗanda motoci ke lodi a gaban rumfarsu zuwa kudu. Mutum ne mai ƙarancin magana. Na aika masa cewa ina neman izinin turo magabatana, ya ce a gaya mini ya ji. Shi ke nan. Bai ce to ba, bai ce a'a ba, makonni suka yi ta wucewa. Abin da kawai Hafsatu ta iya faɗa mini shi ne rediyonsa ba ya mutuwa a rumfa, kuma tasharmu yake kamawa. (Da ta san abin da zan yi da wannan bayani, da ta haɗiye abinta.)

Watan Disamba ne, talotalo ya cika gari saboda Kirsimeti. Sai na zauna na tsara shiri guda: tsakanin naman talotalo da jan tattasai, wanne ya fi amfani a jiki? Na gaya wa shugaban sashenmu cewa batu ne da ya dace da lokaci. Ban gaya masa cewa mutum ɗaya nake so ya saurara ba.

Baƙuwata ita ce Malama Rifkatu, masaniyar abinci mai gina jiki, mace mai natsuwa wadda ba a sa mata magana a baki. Ta yi bayani tiryan-tiryan. Ta ce naman talotalo yana da sinadarin gina jiki mai yawa, da ƙarfen da jini ke buƙata, da wasu bitamin da ba a samunsu a kayan lambu. Shi kuwa jan tattasai, in ji ta, cike yake da bitamin C, har ya fi lemu, yana da abin da ke taimakon ido da fata, yana kuma da harzar da ke gyara ciki, wadda nama ba shi da ita ko kaɗan. Amma sinadarin gina jikinsa bai taka kara ya karya ba.

Na ce, "To Malama, in aka ce ki zaɓi ɗaya fa?"

Ta ce, "Ba wanda zai ce in zaɓa. Ba takara suke yi ba. Bitamin ɗin da ke cikin tattasai ma yana taimaka wa jiki ya amfana da ƙarfen da ke cikin abinci. A tukunya ɗaya ya kamata a gan su."

Wannan amsa gaskiya ce, amma ba ita na taso nema ba. Na ga lokaci yana ƙurewa, Alhaji kuma bai ji abin da zai sa ya gyara zama ba. Sai na matso kusa da makirufo, na sassauta murya irin ta karanta labaran ƙarfe bakwai, na ce, "Ni dai, mai sauraro, na daɗe da barin naman talotalo. Ko an ajiye mini ba na ci. A ba ni jan tattasai na Farin Gada, ya ishe ni rayuwa."

Malama Rifkatu ta dube ni ta saman tabarau. A bayan gilashi kuma Rashidi, mai kula da na'urorinmu, ya saki baki. Da shi muke zuwa unguwar Kwararafa duk ƙarshen wata mu sayi soyayyen fiffiken talotalo, kuma ya san ni ne mai tauna har ƙashi.

Ba a daɗe ba aka yi bikin auren Rashidin. Bayarabe ne da aka haifa a Jos, mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Iya, tana da gidan abinci a Kwararafa. Wanda ya san bikin Yarabawa ya san ba a wasa da nama. Na sa sabuwar babbar riga ta farar shadda, na ƙi cin komai tun safe, na tafi da kyakkyawar niyya.

An kafa rumfuna a titi, kiɗa na tashi. Aka fara rabon abinci, kowane faranti da dafa-duka da ƙatuwar tsokar talotalo a kai, tana ƙyalli. Na ga ana miƙa wa na damana, ana miƙa wa na haguna. Sai ga Iya da kanta ta taho da faranti a rufe, ta ajiye a gabana, ta buɗe. Shinkafa ce, an jera mata yankakken jan tattasai a kai kamar fure.

Ta ce da ƙarfi, yadda duk teburin zai ji, "Oga rediyo! Ni na ji shirinka. Na ce ma yara, wannan ɗana ba ya cin talotalo, kar kowa ya sa mishi. Tattasai mai kyau ne, na Alhaji Sabo. Ci, ci!"

Mutanen teburin suka yi ta jinjina mini. Wani ma ya ce shi ya sa fatata ke sheƙi. Na yi godiya, na ci tattasai ina murmushi, na kusa da ni kuma yana fasa ƙashi a kunnena. (Tattasan yana da daɗi, ban ce ba. Amma ban taɓa sanin mutum zai iya jin haushin kayan lambu ba sai ran nan.)

Da na ga hankalin jama'a ya koma kan masu rawa, sai na tashi kamar mai neman wurin alwala, na zaga bayan rumfa inda aka jera kulolin abinci. Ba kowa a wurin. Na buɗe ɗaya, na zaro cinya guda, na kai mata cizo. Ban gama taunawa ba na ji muryar mata suna tahowa. Na fizgi leda na naɗe ta, na jefa a aljihun gaba na babbar riga, na nufi inda na ajiye mota, da nufin in ƙarasa a can cikin mutunci.

A bakin titi na yi kiciɓis da Alhaji Sabo. Ban taɓa kawowa zai zo ba, alhali da na yi tunani kaɗan da na gane: Iya ta yi shekara da shekaru tana sayen tattasai a wurinsa, ita da kanta ta faɗa. Yana tare da abokansa na kasuwa, duk manyan mutane.

Ba a gaida wanda kake neman 'yarsa a tsaye. Na cire takalmi, na durƙusa, na sunkuyar da kai ƙasa sosai, don ya ga tarbiyya. To aljihun babbar riga faɗi gare shi, bakinsa kuma a buɗe yake. Na ji abu ya zame. Ledar ta tsaya a aljihu, cinyar ta fito ita kaɗai, ta yi birgima a kan kwalta, ta je ta jingina da takalmin Alhaji. Gefen da na ciza ne ya kalli sama.

Na kasa ɗagowa. Ina nan durƙushe na ji ɗaya daga cikin abokan ya ce, "Alhaji, wannan wane irin tattasai ne? Ba ka taɓa kawo mana irinsa ba."

Wani ya amsa, "Sabon iri ne, mai ƙashi. A rediyo ake shuka shi."

Suka yi dariya har da tafawa. Alhaji bai yi ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Lafiya lau. Ɗauki abincinka, ba a barin abinci a ƙasa." Na ɗauka. Na miƙe riƙe da cinyar talotalo a hannu, ga tabon mai ya fito a ƙirjin farar shadda, suka wuce ni suka shiga.

Na koma gida na kashe waya. A raina na riga na gama: wa zai ba da 'yarsa ga mutumin da ya yi ƙarya a rediyo ya kuma saci nama a biki?

Da na kunna wayar, Hafsatu ce ta fara kira. Dariya ta hana ta magana da farko. Sannan ta ce, "Baba ya ce tun ranar shirin yake cikin damuwa. Ya ce wa Mama, yaron nan ko dai ƙarya yake yi, ko da gaske yake. In ƙarya ce da sauƙi, ana daina ta. In kuwa da gaske ne, 'yarsa za ta rame a gidanka."

Na ce, "Yanzu fa?"

"Yanzu ya ce ya samu natsuwa. Amma akwai sharaɗi. Wata mata ta zo rumfarsa ta ce ta daina saya wa yaranta nama, tunda mai rediyo ya ce tattasai ya isa. Ya ce shi tattasai yake sayarwa, ba ya son a sayar masa da shi da ƙarya. Inda ka ɓata, can za ka je ka gyara. In ya ji da kunnensa, ka turo magabatanka."

Sati na zagayowa na sake gayyato Malama Rifkatu. Na buɗe shirin da muryar da nake karanta sanarwar rasuwa da ita, na ce, "Mai sauraro, ina cin talotalo. Ban taɓa bari ba." Rashidi ya kifa kansa a kan na'ura yana ƙunshe dariya. Malama ta maimaita bayaninta daga farko, cewa yaro mai girma yana buƙatar abin gina jiki, nama ne ko ƙwai ko wake, tattasai kuma abokin tafiya ne. Wannan karon ban katse ta ba. Da yamma Alhaji ya aiko a ce ya ji, kuma a wannan karon ya ƙara da "to".

Abin da na koya ba mai zurfi ba ne. In za ka burge suruki, kada ka yi da bakin da dukan gari ke saurare. In kuma ƙaddara ta sa ka ɗauki naman da ba a ba ka ba, ka tsaya a wurin ka cinye abinka. Aljihun babbar riga ba ya rufa wa mai durƙuso asiri.