Yadda Na Kushe Gidan Haya Har Na Rasa Shi

Ba zan taɓa mantawa ba, ko tsufa ya cinye sauran tunanina, da ranar da bakina ya raba ni da gida a Dutse.

Lokacin ba a daɗe da ba mu jiha ba. An kwaso ma'aikata daga Kano an zube a gari, ɗakin kwana ya fi nama tsada. Ni kuwa na dawo daga yawon duniya, iyalina na Ringim a gidan surukai (wanda ya taɓa ajiye iyali a can ya san irin gaisuwar da ake yi masa). Sai wani dillali, Sale, ya ce akwai tsohon gidan haya na sayarwa: ɗaki goma sha biyu, iyali biyar a ciki, ga rijiya a tsakar gida. In zauna a sashe ɗaya, sauran su ci gaba da haya.

Ina ganin gidan raina ya biya. Amma ni fa na yi ciniki a Kumasi, na yi a Omdurman, na yi a Jidda, kuma ko'ina karatun ɗaya ne: abin da kake so, kushe shi.

Mai gidan wani tsohon alaramma ne. Ya sa matan 'yan haya suka shige ɗaki, muka fara zagayawa, na buɗe baki. Na ƙwanƙwasa bango na ce damina biyu ta rage masa. Na ɗaga kai na ce wannan kwano rariya ce. Na leƙa rijiya na toshe hanci (ruwan nan garau yake, har fuskata na gani a ciki). Na rufe da cewa a Kumasi ko akuya ba a ɗaurewa a irin wannan gida.

Alaramma bai katse ni ba. Da na gama ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Alhaji, Allah ya saka da alheri. Shekara talatin ban san aibin ya kai haka ba. Ba zan sayar wa ɗan'uwana Musulmi abin da zai faɗo wa 'ya'yansa a ka ba. An fasa."

Sale ya taka min ƙafa. Na ce, "Allah gafarta Malam, ai... bangon da ƙwarinsa. Rijiyar ma, wallahi, ko yanzu sai in sha."

"To Alhaji, wanne zan ɗauka? Na ɗazu ko na yanzu?"

Sai muryar wata tsohuwa ta fito daga bayan labule: "Malam, a tambaye shi, mu awakin mu fito ko mu jira ya tafi?"

Gidan ya ɗauki dariya ɗaki bayan ɗaki. Na fita har da barin takalmi ɗaya a zaure, Sale ne ya biyo ni da shi.

Bayan sati biyu wani mahauci daga Taura ya saye gidan. Abin da ya ce kawai, "Ya yi, Malam, nawa?" Gidan na nan tsaye har yau, in na bi ta layin sai in ƙara wa mota wuta.

Yanzu kafin in kushe kaya sai na duba fuskar mai shi. Maƙaryaci ɗan'uwana na san yadda zan yi da shi. Mai tsoron Allah ne ba a iya ciniki da shi, don duk abin da ka faɗa yarda zai yi.