Desimir da Shingen Bakin Drina

"Ni nan da kuke gani, kafin gahawarku ta huce na buɗe muku hanyar kogi."

Desimir ke nan a dandalin ƙauye, yana murza gashin baki. Ka dai san shi, sarkin cika baki, wanda in ya kama kifi kamar ɗan yatsa, kafin ya iso gida ya zama ɗan maraƙi.

Wani attajirin birni ne, Gvozden, ya sayi gonar da ke bakin kogin Drina, ya kewaye ta da waya, har da 'yar hanyar da tun kakanni ake bi zuwa maɗaurar kwalekwale. Masunta ba su ta da jijiyar wuya ba, don akwai wata kafa bayan itatuwa da suke sulalewa ta nan. Matar Desimir, Vukosava, ta ce ya bar kaza cikin gashinta. Wa ya ga mai ji.

Gogan ya doshi gidan Gvozden da jawabi cike da baki, ashe ranar bikin shekara-shekara na waliyyin gidan ce. A wurinmu kuwa, ranar nan duk wanda ya tako ƙofa baƙo ne, kuma ba ka cin gurasar mutum ka yi masa rashin kunya. Kafin ya ce uffan an miƙo dafaffiyar alkama mai zaƙi, an cika masa kofi da barasa, an zaunar da shi dama da mai gida. Jawabi ya bi gasasshen nama ya wuce ciki.

A kofi na uku Gvozden ya tambaye shi, a matsayinsa na gwani, yadda ya ga shingen.

"Maƙwabci, wannan ne shinge? Duk garin nan ta bayan itatuwa muke wucewa, har abokina Milun da tumbinsa."

Gvozden ya girgiza kai, ya ce leburorin birni ne suka cuce shi, ga shi a ƙauye babu mai hannun gyara. Maganar ta soki Desimir har ƙashi. Ya ce a tanadar masa guduma.

Washegari ya duƙufa, ta cikin gonar don kada abokai su gan shi. Turaku, siminti, waya mai ƙaya ninki uku, ko ɓera sai ya nemi izini. Da ya gama ya nufi ƙofa, sai ga kwaɗo kamar kan jariri. Mai gona ya koma birni da mabuɗi, sai Asabar. Kwalekwalen Desimir na nan ɗaure, amma abin tuƙinsa na gida bayan ƙyaure.

Masunta suka iso da sandunan kamun kifi, suka tarar kafa ta toshe, ga gwani a ciki yana leƙe kamar akuya a turke. Zagi ya fara sauka, har Vukosava ta ratso su.

"Ku bar shi haka, jama'a, duk garin nan shi kaɗai ke da kogi yanzu." Ta zura masa ƙugiya ta cikin waya. "Ungo, maigida. Ka kama ɗan maraƙi ɗaya, ya kai ka Asabar."