Na'urar da Ta Kasa Gama Godiya

Jama'a, jiya na sa rigata mafi kyau, na fesa turare har direban tasi ya sauke gilashi, na nufi tashar jirgin ƙasa. Mahaifin wadda nake so ne ya ce in zo mu gaisa kafin azahar, shi kuwa ba ya maimaita magana. Zuciyata sai dukan uku-uku take, irin na jaruman littattafan da suka cinye min ƙuruciya.

Na tarar da layi har bakin titi. Na'urar tikiti ba ta ba kowa komai, rubutu kawai take zubowa a allo: "Muna godiya ga Mai Girma Uban Tafiya." Ta sake. Ta kuma.

A bayan kantar tikiti na hango maƙwabcina, mai rubuta manhajar kwamfuta, gumi ya jiƙa masa wuya.

"Maƙwabci, me ka aikata?"

"Umarni na bi, angon gobe. Mai Girma, ubangidan hukumar jiragen ƙasa, ya ce kafin na'ura ta yi kowane aiki, ta fara gode masa. Ayyukan sun fi ƙarfin bi ɗaya-ɗaya, sai na sa manhajar ta leƙa cikinta da kanta, duk aikin da ta gani ta liƙa masa godiya a gaba."

"Ai dabara ce."

"Dabara ce. Sai dai ita godiyar ma aiki ce. Ta gan ta, ta liƙa mata godiya. Yanzu kafin ta gode sai ta gode, kafin wannan ma..."

"To kashe ta mana!"

Ya dube ni kamar na ce ya mari kawunsa. "Ni? In katse godiyar Mai Girma a tsakiya? Ina da iyali fa."

Shugaban tasha ya zo, ya karanta allon, ya gyara tsayuwa, ya ce bai taɓa ganin ma'aikaci mai ladabi haka ba. Wata tsohuwa a bayana ta ce, "Ɗana, ko maroƙi ai yakan tsaya ya haɗiyi yawu."

Jirgi ya tashi babu fasinja ko ɗaya, amma a yaba musu, kan lokaci ya tashi.

Na kira abar ƙaunata, na zayyana mata komai. Na ji tana faɗa wa mahaifinta. Ta dawo tana danne dariya.

"Baba ya ce babu damuwa. Ka zo ranar da na'urar ta gama."

Don haka, Mai Girma, ranka ya daɗe, in wannan shafi ya iso teburinka, ka taimaki maraya a soyayya. Ka leƙo tashar, ka ce mata "ba komai" ko sau ɗaya ne, ko ta ji ta yi shiru.