Gargariba a Cikin Rawani

Ba zan taɓa mantawa da abin da Bashiru ya yi mini ba, ko da na so in manta ma, mutanen garinmu ba za su bar ni ba. Bashiru ɗan gwaggona ne, taubashina, kuma shi ya tona mini asiri a bakin titi, gaban dattawa da baƙi cike da bas, da azumi a bakinsa. Asirin kuwa ba sata ba ne, ba neman matar wani ba. Kisra, wato siririyar wainar ƙullun dawa, nake yi wa gidana da hannuna.

(To, yi dariyarka ka gama, sannan mu ci gaba. Na saba.)

Ni ban yi nisa a makaranta ba. Da na iya rubuta sunana, tsohona ya ce ya isa haka, hawasha, wato gonarmu, na jiran hannu. Da muka tasa, ni da Bashiru muka riƙa tafiya yankan riɗi wajen Dindir duk kaka. A can ba uwar kowa, ba matar kowa. Wanda bai iya tuƙa tuwon asida ba, yunwa za ta koya masa, kuma ba mai yi wa namiji dariya don ya riƙe muciya. Bashiru ya fito gwanin miya. In ya soya albasa ta yi ja, ya daka busasshen nama, ya kaɗa da garin kuɓewa, har 'yan wata rumfar sukan zo da kwanonsu kamar sun ɓata hanya. Ni kuma kisra ta kama ni. Wata tsohuwa mai sayar da abinci a kasuwar Dindir ta ga kullum ina tsaye ina kallon hannunta, ta ce, "Kai, ko ka saya ko ka zauna ka koya." Na zauna. Ita ta fara ba ni gargariba, wato ɗan yankin kaba mai faɗi da ake shimfiɗa ƙullu da shi a kan saji, faffaɗan kaskon ƙarfe mai zafi, har ya yi siriri kamar fatar albasa.

Da muka daina tafiya Dindir, sai kowa ya naɗe iyawarsa ya ɓoye. A garinmu, nan kusa da Hajj Abdalla, namiji ya gasa agashe a bakin kasuwa, sana'a ce. Amma ya zauna kan 'yar kujera gaban saji, hayaƙi na shiga idonsa? Gara a ce an gan shi da zane.

Sai ciwon gaɓɓai ya kama matata Zainabu. Yatsunta suka kumbura suka lanƙwashe, ko murfin kwalba ba ta iya buɗewa. 'Ya'yanmu mata sun yi aure, ɗaya a Sinnar, ɗaya can Damazin. Sauran watanni muna lallaɓawa da burodin kanti, amma azumi ba ya lallaɓuwa. Kowane gida sai ya fitar da siniyarsa, babban tiren abinci, zuwa tabarmin bakin titi inda maza ke shan ruwa tare, kuma kowa ya san siniya fuskar matar gida ce. In aka ɗaga faifai aka ga burodi, an gama da ita. Zainabu ta kama hannuna ta ce abu ɗaya take roƙo: kada a ce ta kasa ciyar da mijinta.

Na ce ba za a ce ba. Na rufe ƙofar gida, na hura wuta.

Bashiru ne ya fara ganewa. Ya ɗaga kisra ɗaya a wurin shan ruwa, ya duba ta da hasken yamma, ya kalle ni. Washegari bayan la'asar sai ga shi ta ƙofar baya, wadda awaki ke bi, da albasa a aljihu.

"Ya zol," in ji shi, yadda muke kiran mutum da Larabci, "kisrarka ta yi, amma miyarka ruwan wanki ta. Matsa."

Ashe shi ma hannunsa ƙaiƙayi yake yi. Matarsa ba ta barinsa ya leƙa ko bakin madafa. Tun daga ranar kullum yana zuwa. Shi a kan miya da maburgi, ni a kan saji, Zainabu a kan angarib, gadonta na igiya, a inuwa tana ba da umarni kamar mufattishi mai duba gonaki. Ga azumi, ba halin ɗanɗanawa, sai mu yi ta gardamar gishiri da hanci.

"Ya ji," in ji Bashiru.

"Bai ji ba."

"Hancinka ya mutu tun Dindir."

"Ku kawo in shinshina," in ji Zainabu, "ku biyu dut ba wanda zan ɗauka aiki."

Sai ta yi dariya har ta riƙe ciki. Tun da ciwon ya kama ta ban ji wannan dariyar ba. In an gama, Bashiru ya ɗebi miya a kwano ya sa ƙarƙashin jallabiya ya kai gidansa, a ɗora a siniyarsa, dattawa su yi ta sa wa matarsa albarka. Ban taɓa cewa uffan ba. Gaskiya zan faɗa, duk da haushinsa da nake ji: waɗannan yammacin su ne mafi daɗi da na yi a girmana. Girki kai kaɗai aiki ne. Da wanda ya san abin da kake yi kuwa, hira ce.

Ranar da abin ya faru, a azumin da aka yi kafin ƙasa ta rikice, mun makara. Ƙullun bai tashi da wuri ba. Ina kan kisrar ƙarshe sai na ji sallamar Alhaji Sani, dattijon unguwarmu, a ƙofar gida yana cewa in fito rana ta yi ja. Na zabura. Gargariba na hannuna, na rasa inda zan aje ta, sai na soke ta a gefen tagiyata kamar yadda kafinta ke yi da fensir. Bashiru ya fice ta hanyar awaki. Na zura jallabiya, na naɗa rawani a kan tagiyar, na ɗauki siniya na fita ina tafiyar masu gida.

Kowa ya san yadda muke yi a bakin titin Madani zuwa Sinnar. In magariba ta kusa, ba a barin mota ta wuce da masu azumi a ciki. Mutum biyu za su tsaya, ɗaya ya kwance rawaninsa, a ja shi a tare hanya, direba ya tsaya ko yana so ko ba ya so. Rannan wata babbar bas ta taho. Da akwai samari a wurin, da rawunansu da ƙafafunsu. Amma wa ya miƙe don a ga himmarsa? Ni. (In Allah zai kunyata bawa, himma yake fara ba shi.)

Na fizge rawani na jefa wa Bashiru ɗaya bakin. Bas ta tsaya, muna ta "Itfaddalu, itfaddalu!", wato bismillanku. Mutane suka fara sauka. A nan ne wani abu ya faɗo daga kaina ya sauka kan kwalta, daidai gaban Alhaji Sani.

Ya duƙa ya ɗauka. Ya juya ta. Ƙullu ko bushewa bai yi ba.

"Wanga abu mi ya kai shi kanka?"

"Zainabu ta," na ce. "Ta aje bisa rawanin, ban lura ba."

Wallahi ƙaryar ta kusa shiga. Alhaji har ya miƙo mini. Sai wani mai hancin tsiya a cikinmu ya ce, "Ni fa tun ɗazu warin soyayyar albasa nika ji. Bashiru, ba kai ba na? Dubi hannun rigarka."

Na kalli Bashiru. Ga ɗigon miya ja a hannun jallabiyarsa. Na ga idonsa ya yi zuru-zuru kamar na akuya a hannun mahauci. Abin da zai ce kawai shi ne ya goga a siniya. Shi ke nan, da an kira salla an manta. Amma sai ya karɓe gargaribar daga hannun Alhaji, ya ɗaga ta sama.

"Ni? Gidanai na biya, shi ne warin ya kama ni! Jama'a, na gan shi da idona. Zaune bisa 'yar kujera, ya ware ƙafafu, ya naɗe riga har cinya. Ku gaishe da Hajja!"

Ya tsuguna a tsakiyar titi yana kwaikwayona. Yana hura wutar ƙarya, yana share hawayen hayaƙi, yana kaɗa gargariba a iska. Dattawa suka fashe. Fasinjoji da ba sa jin Hausa ma suka fashe, don abin ba ya bukatar tafinta.

Nan ne ya kamata in yi shiru, ko in ce taubashi ne, ƙarya yake yi. Kowa ya san bakin taubashi, da an ɗauka wasa ne. Amma ina kallon hannunsa sai raina ya ɓaci ta wata hanyar dabam. Yana jan gargaribar gaba da baya kamar mai shafa siminti. Kisrar da za a yi haka ko jaki ba zai ci ba.

"Ba haka a kai ba, jahili!" na ce.

Na fizge abata. Na tsuguna. Na nuna yadda ake kwantar da ita, a zagayo da wuyan hannu sau ɗaya daga gefe zuwa gefe, ba tare da an ɗaga ba. Kai ba rawani, tagiya a karkace, gaban bas guda. Sai da na zagayo na biyu na gane na tona kaina da hannuna. Wata tsohuwa daga tagar bas ta leƙo ta ce da Larabci, wallahi hannun nan ya iya.

Daidai nan ladan ya kira salla. Ban san da me na buɗe baki ba, dabino ne ko tsakuwa. Abin da na sani, kisrata ce ta fara ƙarewa, kuma kowa ya ɗauka sai ya ce, "Hajja, Allah shi yi albarka."

Kafin in mayar da siniya gida, labari ya riga ni. Na tarar da Zainabu zaune, ta sa hannuwanta cikin mayafi. Na fara kame-kame, ta ce in bari.

"Matan unguwa sun daɗe da sani," in ji ta. "Sun san hannuna, sun san kisrata ba ta taɓa yin sirantar taka ba. Ba wadda ta ce komai. Abin da aka sani aka yi shiru sutura na. Yau an faɗe shi bisa titi."

Washegari mata suka fara zuwa duba hannunta, kowace da maganin da za ta faɗa da tausayin da za ta nuna. Abin da ta roƙe ni ke nan kada ya faru. Ta daina zama a inuwa tana ba da umarni. In na hura wuta sai ta shige ɗaki.

Sunan Hajja ya bi ni har yau, kuma na daina juyawa in yi faɗa. Ƙofar gida ma na daina rufewa in zan yi kisra, tunda ba sauran abin ɓoyewa. Miyata kuwa har yanzu ruwan wanki ce, wannan gaskiyar Bashiru ce. Darasin da na samu bai da yawa: ka duba kanka kafin ka kwance rawani, kuma in ana yi maka ƙazafi da gaskiya, kada ka tsaya gyara wa mai yi hannu.

Bashiru bai jima ba ya dawo. Bayan la'asar, ta ƙofar awaki, da albasa a aljihu, yana murmushi kamar ba shi ba.

"Ma'alesh, yi haƙuri, ya zol. Wasan taubashi na. Kai ma ka san in ban yi haka ba, ni za su kama."

Na bar shi ya gama. Na ɗauko maburgi na miƙa masa, na nuna masa tukunya.

Na ce, "Bashiru, ni ka yi wa wasa, na ji, haƙƙinka na. Amma Zainabu ba taubashiyarka ba ta, kuma ita ta biya. Ga tukunya, ga maburgi. Ɗauki ka fita da su ƙofar gida inda Alhaji Sani ka zama, ka soya albasarka kowa na gani, ka gaya musu miyar da suka yi ta sa wa matarka albarka hannun wa ta. In ka yi, ka shigo ta ƙofar gaba, kujerarka na nan. In ba ka iyawa, mayar da albasarka aljihu. Ƙofar nan ta awaki ta, kuma su ko sun ci a gidana ba su taɓa kai labarina titi ba."