Takarda Ashirin, Babu Amsa

"Lafiya ƙalau, amarya. Ya boko? Ko sun koro ki ne?"

Malam Datti ne yake amsa gaisuwar jikarsa Nafisat, yana zaune a bakin kanal yana jiran a sako ruwa gonar shinkafarsa. Nafisat tana ajin ƙarshe a kwalejin ilimi, tana karantar koyar da ƙananan yara. An ba ta aikin bincike: ta tambayi iyaye mata ashirin a ƙauyensu, can wajen Bunkure, yadda 'ya'yansu 'yan shekara uku zuwa biyar suke koyon magana da ƙirga. Ran Litinin za ta miƙa, in ba haka ba ta maimaita shekara. Ga shi yau Alhamis, takardun tambayoyinta farare fat.

"Saura ƙiris, tsoho. In suka koro ni, gidanka zan tare, mu ci shinkafar nan tare."

"Da wannan cikin naki? Na sake ki tun yanzu. Me ya faru?"

"Matan garinku ne. Kwana uku ina yawo gida-gida. In na ce yaya sunan yaron, sai uwa ta sunkuyar da kai ta ce 'wannan'. In na ce me ya iya, sai ta ce bai iya komai ba sai ci."

"Waɗanne yaran kika zaɓa?"

"'Ya'yan fari. Malaminmu ya ce a ɗauki iri ɗaya."

Malam Datti ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

"Shekara uku a Kano, abin da aka koya miki ke nan? Wace uwa ce za ta kama sunan ɗan farinta? Kuma ta yabe shi a gaban alƙalami, baki ya kama shi? Ke uwarki ta taɓa kiran sunanki?"

Nafisat ma 'yar fari ce, kuma har yau "ke" uwarta take ce mata.

"To wa zan tambaya? Kai? Mutumin da ya ga ginin Dala?"

"Ni na ɗauko musu ƙasar. Tambaye ni a kanki ki gani."

"Yaushe na fara magana?"

"Magana? Shekara biyu da rabi kina nuni da yatsa, har mun fara neman wanda zai karɓe ki kyauta. Ran da aka cire albasa kika buɗe baki, kuma 'ƙari' kika ce. Kina shekara huɗu ina ba ki tumatir ki ƙirga, daga huɗu sai ki dira shida. Biyar ɗin kuwa tana bakinki."

"Ƙarya ne!"

"Buɗe cikin mu duba."

Nafisat ta ɗaga hannu za ta rantse, sai ta tsaya. Shekaru, lokaci, kalmar farko, ƙirga: duk abin da takardar ke nema ya fito a cikin zagi ɗaya.

"Tsoho, kakannin yaran nan duk haka suke?"

"Sun fi ni. Je ki wajen shanyar tumatir gobe da hantsi, tsofaffin matan duk suna can suna yanka. Kada ki ce me jikanki ya iya. Ki ce wa kaka kin ji an ce mijin nata, wato jikan, dolo ne. Sai takardarki ta ƙare ba su gama ba."

"Amma dole sai da izinin uwa."

"Uwa za ta gyaɗa kai, wannan ba kunya a ciki."

Nafisat ta sauke ajiyar zuciya, ta zauna daɓas a kan kunyar gona. Rabonta da jin yunwa tun Litinin, yanzu ta ji ta.

"Zan sa sunanka a shafin godiya. Datti, mai haƙori uku."

"Huɗu ne."

"Ƙirga su."

Ya zura harshe ya lalubo, ya sake lalubowa, sannan ya kwashe da dariya.

"Ja'ira! Ɗayan ya tafi bai yi sallama ba. Rubuta uku."