Tabar da Na Ɓoye Cikin Albarushi

Shekarar da ake ta tsammanin harin mayaƙan Sakkwato a Sabon Birni, ina cikin 'yan bindiga masu gadin ganuwa. A nan na bugi ƙirji gaban abokan gadi: "Za ni rage taba, lofe guda a wuni. Kafin kaka na bar ta har abada."

Dabara kuwa ina da ita, irin wadda ba kowane kai ke kawowa ba. Na ware ta kwana uku, sauran na ƙulle a tsumma, na cusa cikin burgamin albarushina, jakar fatar da nake zuba garin bindiga. Wane mahaukaci zai bi ta can da wuta? Limaminmu ya ce, "Taba da albarushi ba su zama ɗaki guda." Na ce, "Allah gafarta Malam, ni na san hannuna."

Ta kwana ukun nan ba ta ga azahar ba. Da la'asar na zura hannu a burgami, na tarar tsumman ya kwance, taba ta gauraye da albarushi. Na debo, na hure sau biyu, na yanke hukuncin ta tsarkaka. Na cika lofe, na ɗora garwashi, na ja.

Ƙarar fashewar ta sa aka buga gangar yaƙi, aka rufe ƙofofin gari, mata suka watsar da tuluna bakin rijiya. Mazaje suka sheƙo da kwari da baka, suka tarar ni ne abokin gaban, ina zaune, babu rabin gemu, guntun lofe a baki.

Har yau in ana rabon albarushi, sai wani ya ce, "A ba shi kaɗan, ragewa shi ka yi."